Yadda mai ɗaukar hoton wasanni zai rage wa jikinsa wahala

Wasan ƙwallon ƙafa minti 90 ne, amma mai ɗaukar hoto yakan riga kowa isa fili, ya kuma tashi bayan an watse. Babban gilashin kyamara mai milimita 400 yakan kai kilo 3, saboda haka ka ɗora shi a kan sanda mai ƙafa ɗaya, domin wuya da kafaɗa ne suke fara sagewa idan aka daɗe ana riƙe shi. Tun da daga ƙasa hoto ya fi kyau, ka tanadi ƙaramar kujera da abin kare gwiwa, ka miƙe ƙafafu lokacin hutun rabin lokaci. Idan kana leƙa kyamara da ido ɗaya, ka bar ɗaya idon a buɗe, don ɗan wasan da ya taho a guje ba ya cin burki a bakin layi.