Yadda za ka nemo tsofaffin shirye-shiryen kiɗa da wasa na talabijin tun ba su ɓace gaba ɗaya ba

Duk wanda ya tashi a Zariya lokacin da talabijin ɗaya ke ciyar da layi guda ya san abun da nake nufi. A namu layin a Tudun Wada gidan kawuna ne mai ita, baƙi da fari ce mai ƙofar katako da ake zugewa, da an idar da magariba za a fito da ita tsakar gida a ɗora kan teburi mu yara mu baje kan tabarma, mata daga bakin ƙofar ɗaki, wani yana can sama yana juya eriya ana ce masa ya yi, bai yi ba, koma baya kaɗan. A nan na fara ganin Shata da idona yana tsaye makaɗa na bayansa da kalangai, a nan na ga Ɗan Maraya rungume da kuntiginsa, harda Samanja da Kasimu Yero ɗan garinmu. Yau ka je ka nemi waɗannan shirye-shiryen, wallahi abun da za ka samu bai taka kara ya karya ba. Na daɗe ina bin sawunsu, na samu wasu na rasa da yawa, shi ya sa nake so in faɗa ma duk mai sha'awa hanyar da na ga tana ɓullewa.

Ka fara sanin yadda aka yi suka ɓace tukun, don shi zai nuna maka inda za ka dosa. Talabijin ta fara a Kaduna a 1962 ƙarƙashin BCNN, kamfanin watsa shirye-shirye na Arewa, shekara uku bayan ta Ibadan wadda ta fara a 1959. A farkon nan abubuwa da yawa kai tsaye ake watsa su, makaɗi ya zo situdiyo ya yi wasansa ya tafi, babu wani abu da aka naɗa balle a ajiye. Da aka zo ana naɗa kuma, tef ɗin daga waje ake sayo shi da tsada, to idan shiri ya fita sai a goge a ɗora na mako mai zuwa a kai. Ba mu kaɗai ba ne, BBC ma da kanta ta goge nata masu yawa. Amma ga abun da ke ƙara min ƙarfin gwiwa kullum: a 2013 aka sanar cewa an gano kashi tara na shirin Doctor Who da suka ɓace a Ingila, kuma ina aka gano su? A Jos, a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin, gwangwanayen fim ne zaune kan kanta shekara da shekaru ba wanda ya waiwaye su. Idan na Turawa zai kwana a Jos har a zo a same shi, to namu ma yana nan wani wuri ƙura ta rufe shi.

Kar ka fara da intanet. Na san hannu can yake fara zuwa amma ka fara da mutane, don tef yana iya jiranka shekara biyar, dattijon da ya san labarin kuwa ba ka da tabbas. Kasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja a 2023, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya a 2015, Shata tun 1999. Kowanne ya tafi da abun da ke kansa, haka ma masu riƙe kyamara da furodusoshi da 'yan amshi da ba wanda ya san sunansu. Ka sayi goro ko ɗan lemo ka je wajen tsofaffin gidanku ka zauna, ba a tsaitsaye ba. Kuma kar ka ce "Baba wane shiri kuke kallo a da", zai ce maka ai da yawa, magana ta mutu. Ka ce "Baba, ranar da kuka ga Shata a talabijin, a wane gida kuke zaune lokacin? An haifi Yaya?" To nan za ka ga ya gyara zama, daga nan shekara za ta fito, ranar mako za ta fito, wani lokacin har sunan mai gabatarwa. Mata sun fi riƙe wannan fa, gwaggona ita ta tuna min cewa wani shirin kiɗan ƙwarya da nake nema ana sa shi ne lokacin tana goyon autanta, da haka na kama shekarar. Ka naɗi hirar a waya bayan ka nemi izini, ka rubuta a littafi ma.

Abun da yawancin mutane ba su lura da shi ba, mafi yawan abun da ya tsira ba a tasha ya tsira ba, a gidaje ne. Tun da bidiyo na VHS ya shigo gidajen masu hali a shekarun 1980, akwai mutanen da in za a sa mawaƙin da suke so sai su danna rakodin. Malaman jami'a a Samaru da Kongo, ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa a Sabon Gari, alhazan cikin birni da suka sayo bidiyo a Makka, gidajen sarauta da ke ajiye kaset ɗin naɗin sarauta da hawan Sallah. Irin waɗannan gidajen za ka bi. Kuma kar rubutun bayan kaset ya yaudare ka, kaset na awa uku ne ko huɗu, za ka ga an rubuta bikin wance ko fim ɗin Indiya amma bayan bikin ya ƙare sauran zaren yana ɗauke da abun da aka fara naɗa a kai tun farko. Mafi kyawun abun da na taɓa samu, minti goma sha ɗaya na wani mai kukuma a situdiyo, a wutsiyar kaset ɗin walimar saukar karatu na same shi. Don haka kowane kaset sai ka kalle shi har ƙarshe.

Yadda za ka roƙa ma yana da muhimmanci. Mutum ba zai ba ka kaset ɗin da ke da hoton mahaifinsa marigayi ka tafi da shi ba, kuma yana da gaskiya. Ni abun da nake cewa shi ne "Hajiya ba tafiya zan yi da shi ba, zan zo da na'urata nan zaure in juye, in ba ku naku a filashi ku ma ku riƙa kallo a waya." Da wuya a ce maka a'a. In kuma akwai bikin iyali a ciki ka yanke nasu ka ba su, kar ka kuskura ka watsa matan mutane a duniya, amana ce.

Sai tsofaffin masu sayar da kaset da masu gyaran rediyo da bidiyo, Sabon Gari da wajajen PZ da Tudun Wada. Yawancinsu sun koma tura waƙa a memori ko sayar da kayan waya, amma ka tambayi wanda ya fi daɗewa a layin, sau da yawa akwai buhu ko kwali a gida da ya kasa zubarwa. Su ne kuma suka san wane alhaji ne yake aiko yaro a juye masa kaset a da.

Takardu za su taimake ka ka san sunan abun da kake nema. Jaridar New Nigerian da ta fara fita a 1966 tana buga jadawalin shirye-shirye, ga kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a nan Zariya tun 1939. Ka shiga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a ABU ka nemi tsofaffin jaridu, in ba ka samu shekarar ba ka hau mota a Kwangila zuwa Kaduna ka gwada Arewa House ko gidan adana takardun tarihi na ƙasa. Kar ka manta da kundayen digiri na sashen harsunan Afirka da na wasan kwaikwayo, ɗalibai da yawa sun yi nazari kan mawaƙa da wasannin talabijin, kuma a ƙarshen kundin sukan rubuta inda suka samo kaset da wanda suka yi hira da shi. Wannan shafin na ƙarshe ya fi min komai amfani.

Da sunan shiri da shekara a hannunka, yanzu ne za ka tunkari tasha. NTA Kaduna, wadda ta gaji tsohuwar talabijin ɗin Arewa bayan an kafa NTA a 1977, sai ARTV a Kano wadda a da ake kira CTV 67, sai Jos inda hukumar fina-finai ta ƙasa take da ma'ajiyar fim da bidiyo da sauti. Ka rubuta takarda ka kai da kanka, ka nemi ganin mai kula da laburaren tef. Ka yi haƙuri sosai, akwai tashar da na yi sawu huɗu kafin a buɗe min ɗakin, da aka buɗe kuma ga tef ɗin U-matic, irin kaset ɗin da tashoshi ke aiki da su a da, jere har sama amma injin da zai kunna su ya mutu tun tuni, na tsaya ina karanta sunayen mawaƙa a jikin kwalaye kaman in yi kuka. Ko hakan ya faru da kai ka nemi izini ka ɗauki hoton rubutun jikinsu, sanin cewa abu yana nan ma rabin aiki ne. Sannan ka tambayi sunayen waɗanda suka yi ritaya, da yawansu sun juye wa kansu kwafin shirin da suka yi alfahari da shi.

Intanet kuma ka yi ta juya rubutun suna, don masu ɗorawa a YouTube da Facebook kowa yadda ya ga dama yake rubutawa: Shata da Shatta, Dan Maraya da Danmaraya, Choge da Coge, Dankwairo da Dan Kwairo, ka haɗa da NTA ko tsofaffin sunayen tashar, NTV ko RTK. In ka ga guntun minti biyu ka tura wa wanda ya ɗora saƙo cikin ladabi, galibi cikakken yana hannunsa.

To yanzu ga wurin da nake so ka buɗe kunne, ranar da kaset ya shigo hannunka. Kar ka saka shi a bidiyo. Na yi wannan kuskuren kuma har yau yana ci min rai. Bayan rasuwar kawuna aka buɗe wata adaka a ɗakinsa, kaset goma sha huɗu, ɗaya an rubuta da hannunsa da jan biro "kiɗan Sallah, Kaduna". Zumuɗi ya sa ko dubawa ban yi ba na tura shi cikin wani tsohon bidiyo da na aro, hoto ya fito na daƙiƙa kaɗan, na ga makaɗa zaune kan darduma, sai ƙara, sai allo ya yi shuɗi. Da mai gyara ya buɗe, zaren ya naɗe a cikin injin ya yamutse kaman ganyen da aka murje, fumfuna ce ta manne shi tun a adaka. Ya ce min "Malam ai da ka kawo shi tukun." Mun ceto na gaba amma farkon ya tafi.

Don haka ka ɗaga kaset ɗin a haske ka leƙa ta gilashinsa, in ka ga fari-fari kaman gari a jikin zaren ko yana warin laima, fumfuna ce, ka ware shi daban a leda kar ya shafi sauran, ka rufe hancinka in za ka taɓa shi, ka kai wa wanda ya iya buɗewa ya share a hankali. Ka ɓalle ɗan harshen robar nan na bayan kaset don kar wani ya danna rakodin bisa kuskure. Injin da za ka yi amfani da shi ka fara gwada shi da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba, a goge masa hed, kuma in ka ji kaset yana ƙara kaman kukan ɓera ko hoto yana ta toshewa ka tsayar nan take, zaren ya fara danƙo ne. Kar ka shanya shi a rana wai ya bushe, kar ka bar shi a mota. Kuma in ka ga bidiyo mai lafiya a kasuwa ka saya, tun 2016 kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe, ya daina ƙera su.

Wajen juyewa kar ka ɗora waya gaban talabijin kana ɗauka, ɓata aiki ne. Akwai 'yar na'ura da ake sa wa wayoyin nan uku, rawaya da fari da ja, ɗaya gefen kuma ya shiga kwamfuta ta USB, ba ta da tsada sosai. Ka saita ta a PAL don shi ne tsarin talabijin ɗinmu, ka tabbatar akwai janareto ko inbata don in wuta ta ɗauke kaset na ciki yana iya maƙalewa, ka juye gaba ɗaya harda talla da labarai da tambarin tasha, kar ka yanke komai a kwafin farko. Ka ajiye a wuri uku, ɗaya a wani gida daban. In za ka tura a WhatsApp ka tura shi a matsayin dokumen, in ba haka ba zai matse shi hoton ya dagule. Kaset ɗin kuma ka mayar da shi kwalinsa ka jera a tsaye kaman littattafai, nesa da ƙasa saboda laimar damina da gara, nesa da sifika.

Waɗancan tallace-tallacen da na ce kar ka yanke, su za su gaya maka shekara, haka ma abun da ka ji ko ka gani a cikin wasan. In mawaƙi ya ce jihar Arewa ta Tsakiya to kafin 1976 ne. In ana liƙa masa Murtala 'yar naira ashirin to daga 1977 ne zuwa sama, in ka ga naira hamsin ta takarda to bai wuce 1991 baya ba. In an ambaci Katsina a matsayin jiha, daga 1987 ne zuwa sama. Gwamnan da aka yi wa kirari ma agogo ne, Balarabe Musa daga 1979 zuwa 1981 kawai ya yi. Duk abun da ka gano ka rubuta a sunan fayil ɗin, da gidan da ka samo, da wanda ya gane fuskokin. Ka koma wajen dattijon nan da ka fara da shi ka kunna masa, zai nuna maka da yatsa ya ce wancan mai kalangun wane ne, ɗan unguwa kaza.

In za ka ɗora a intanet ka ambaci tashar da ta yi shirin, kar ka manna sunanka a tsakiyar hoton, kuma in mawaƙin yana da iyali a raye ka kai musu kwafi kafin kowa. Mai kukumar nan da na ce na samu a wutsiyar kaset ɗin sauka, wani tsohon direba ne ya gane shi ya kwatanta min gidan 'yarsa a wajen Kofar Doka. Na kai mata a waya, ta kalla sau uku ba ta ce komai ba, sai ta kira jikokinta ta ce ku zo ku ga kakanku. Ita ce ta ce min akwai wani ɗan amshinsa da ke raye a Giwa kuma tana jin yana da kaset biyu, ranar Asabar in Allah ya kai mu can zan nufa da na'urata.