Yadda za ka canja shakazobar Hilux da kanka a gida

Kafin ka kashe kuɗi, tabbatar shakazobar ce ta mutu. Motar da bayanta ya zauna ƙasa ko babu kaya, matsalarta sifirin ce, domin shi ke ɗaukar nauyi. Aikin shakazoba kawai hana mota ci gaba da lilo bayan ta faɗa rami. Masu lodin kaya kan faɗa cikin wannan kuskure: su sa sabuwa, motar na nan a durƙushe.

Danna kusurwar motar da ƙarfi ka saki. Idan ta yi sama da ƙasa fiye da sau ɗaya ko biyu kafin ta tsaya, shakazobar ta gaji. Leƙa jikinta kuma. Ɗan danshin mai ba komai ba ne, amma mai yana gangarowa ƙura ta manne a kai, to robar da ke tare man ta ci. Sauran alamun su ne taya mai ci rami-rami, goshin mota yana dukawa in an taka birki, da ƙarar ƙwas-ƙwas a gargada, ko da yake wannan ƙarar sau da yawa bushin ne, wato robar da ke wurin ɗaurin shakazoba, kaɗai ya ƙare, kuma shi ba ya da tsada.

Biyu-biyu ake canjawa, na baya tare ko na gaba tare. Tafi kasuwa da tsohuwar ko lambar shasi, don tsawonsu ya bambanta daga ƙira zuwa ƙira. KYB, Monroe da Tokico sanannu ne, sai dai jabunsu ma ya yi yawa. Ta Beljiyam caca ce, babu mai iya gaya maka kilomita nawa ta riga ta ci.

Ka tanadi jak, abin tokare mota na ƙarfe guda biyu, sifana da soket masu lamba 14, 17 da 19, sifanar taya, burushin waya, da WD-40 (man feshi mai sassauta tsatsa) ko kananzir. Jiƙa notocin tun daren jiya. Yi aikin da sassafe, don a watan Afrilu ƙarfen da ya sha ranar Sakkwato ba ya taɓuwa da hannu.

Wurin aiki ya zama daɓen siminti. In tsakar gidan yashi ne, shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin jak da abin tokarewa, in ba haka ba suna nutsewa a hankali motar ta karkace. Ja hanbirki, sa giya, ka tare tayoyin da ke ƙasa gaba da baya. Bulo ba abin tokare mota ba ne, yana fashewa babu gargaɗi. Kuma kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Ta baya ce mai sauƙi, ɗauri biyu ne, sama a shasi, ƙasa a wajen aksul, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu. Sassauta notocin taya tun tana ƙasa, ɗaga, tokare shasi, cire tayar. Sa jak a ƙarƙashin aksul ya ɗan ɗauke nauyinsa, domin da zarar shakazoba ta fita yana iya sauka ya ja tiyon birki. Kwance na ƙasa, sannan na sama. Lura da jerin washa da bushin yadda suka fito, ko ka ɗauki hoto da waya.

Sabuwar idan ta mai ce, riƙe ta a tsaye ka matsa ka ja sau huɗu ko biyar, har ta daina tsalle-tsalle a hannu. Ta gas takan zo a ɗaure da igiya. Ɗaura sama tukuna, sannan ka yanke igiyar ka bi da ita cikin mazauninta tana buɗewa. Ramin bolti bai daidaita ba? Ɗaga ko sauke aksul da jak, ba a dukan bolti da guduma.

Ga inda aiki ke lalacewa. Ɗaura notocin da hannu kawai, mayar da taya, sauke motar ta zauna kan nauyinta, sannan ka yi ɗaurin ƙarshe gwargwadon ƙarfin da littafin motar ya faɗa. Wanda ya ƙulle su aksul na rataye, da motar ta sauka robar bushin za ta murɗe, ta zauna a haka har ta tsage cikin ƴan watanni. Giris ko baƙin mai kuma kada su taɓa robar, suna cinye ta. In ta ƙi shiga, ruwan sabulu ya isa.

Gaba kala biyu ce. A tsofaffin Hilux shakazoba daban take, kwancewa kawai za ka yi. In sandar sama tana juyawa tare da noti, riƙe ɗan kanta da ƙaramar sifana, kada ka damƙi sandar mai sheƙi da filaya, ƙarzuwa ɗaya ta isa ta yaga robar mai. Daga ƙirar Vigo zuwa yau kuwa tana cikin naɗaɗɗen sifirin ne. Noti uku na gefe da boltin ƙasa za su ba ka ita gaba ɗaya, amma notin tsakiya kada ka taɓa shi sai an matse sifirin da na'urarsa, domin ƙarfin da ke ciki yana karya hannu ko muƙamuƙi. In ba ka da na'urar, ɗauki abin a dunƙule ka kai gareji a musanya maka, ka dawo ka ɗaura. Bayan aikin gaba a duba saitin tayoyi.

Gwada ta a hankali a kan hanya mai gargada, kana sauraron ƙara. Bayan kwana biyu ko uku na tuƙi, sake bin notocin shakazoba da na taya da sifana.