Yadda Ake Tafiyar da Muhawara kan Shirye-shiryen Zaman Gida a Zauren WhatsApp

Duk wanda yake kula da zauren WhatsApp na ƴan fada, ko na ƴan kasuwa, ko na ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a nan Maraɗi, ya san cewa guntun bidiyo guda daga shirin da ake tara mutane a gida ɗaya ana ɗaukarsu dare da rana yana iya hana zaure barci. Irin wannan shiri ya samo asali ne daga Big Brother, wanda aka fara a ƙasar Holan a 1999. Najeriya ta yi nata a 2006, ta dawo da shi a 2017 da sunan Big Brother Naija, masu kallon Canal+ kuma sun ga The Bachelor na ƙasashe masu amfani da Faransanci tun 2022. Mafi yawan masu gardamar ba su da akwatin DStv da ake kallon Big Brother Naija da shi. Abin da ya iso gare su guntaye ne daga TikTok da Facebook.

Aikin farko na shugaban zaure shi ne ya tambayi asalin guntun kafin ya bar kowa ya yanke hukunci. Big Brother Naija yana gudana awa 24 a rana har tsawon makonni, saboda haka daƙiƙa 30 da aka tsinto ba ta nuna abin da ya gabata ko abin da ya biyo baya, kuma wanda ya yanko ta ya zaɓi wurin da zai fi tayar da hankali ne. A wurinmu matsalar ta ninku, domin mazauna gidan suna magana da Ingilishi da Ingilishin kasuwa, alhali mu bokonmu da Faransanci aka yi shi, sai mu dogara ga wani da ya ɗora muryarsa da Hausa yana cewa ga abin da aka faɗa. Sau da yawa ba abin da aka faɗa ke nan ba. A nemi cikakken bidiyon a shafin shirin na ainihi, a duba ranar da aka wallafa shi, domin tsofaffin guntaye kan dawo da sunan sababbi, sannan a roƙi wani ɗan zaure mai jin harshen, wataƙila mai zirga-zirgar Jibiya da Katsina, ya saurara ya faɗi gaskiyar maganar. Gani ya kori ji.

Daga nan sai a fayyace wa jama'a wanda yake cin ribar rigimar. Shirin yana rayuwa ne da talla da ƙuri'un masu kallo, waɗanda ake sanar da sakamakonsu ranar Lahadi lokacin da mai gabatar da shirin, Ebuka Obi-Uchendu, yake bayyana wanda aka kora, kuma magoya bayan kowane ɗan takara suna da rundunarsu a intanet. Manhajojin sada zumunta ba sa bambanta yabo da tsinuwa. Abin da suke ƙidayawa shi ne yawan sharhi da turawa. Mutumin da ya aika bidiyon zuwa zauruka goma yana cewa a zo a ga lalacewar zamani ya yi wa shirin talla kyauta, da kuɗin datarsa. A ganina wannan ne ya fi wuyar karɓa ga masu kishin tarbiyya, domin niyyarsu kyakkyawa ce. Mai son suka ya bayyana abin da ya gani da baki, kada ya saka bidiyon.

Sai a raba tambayoyin, domin yawanci mutum biyu suna faɗa ne kan abu biyu dabam. Ko shirin ya dace da addini da al'ada tambaya ce guda, ko hukuma ta hana shi wata ce, yadda iyaye za su kulle tashar da lambar sirri a akwatin talabijin kuma ita ce mai amsa nan take. A ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Zagi kuwa ba a jinkirta masa. Da zarar an bar maganar shirin an koma kiran wata ƴar zaure marar tarbiyya don ta ce tana kallo, shugaba ya goge saƙon, ya bi mai shi ta gefe. Idan dattijo ne, saƙon murya ya fi rubutu: “Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, mun ji nasiharku, amma sunan Hajiya da kuka ambata zai jawo mana magana, shi ya sa na cire.” Yana da kyau a tuna wa kowa cewa Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma a watan Yunin 2024 an maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da cin mutunci ta kafofin sadarwa. Idan wuta ta ƙi lafawa, WhatsApp yana da saitin da ke barin shugabanni kaɗai su aika saƙo. A kunna shi bayan isha'i, a sanar da dalili, a buɗe da safe.