Yadda Ake Dasa Rogo Daga Kara

Manomin Ikorodu ko Epe a jihar Legas ba ya buƙatar ƙwayar iri don samun rogo, domin kowane kara da ya dasa kwafin uwarsa ne, da halittarta duka.

A zaɓi kara daga lafiyayyar shuka wadda ta kai wata 10, a yanka shi tsawon santimita 25 da gaɓa 5 zuwa 7, sannan a soke shi a karkace cikin kunya da farkon damina, idanun suna kallon sama.

Sai dai cuta ma gadonta ake yi. Shukar da ganyenta ya murɗe ya yi dabbare-dabbaren rawaya za ta ba 'ya'yanta wannan cutar, don haka sayar wa maƙwabci karan irin wannan shukar zalunci ne.