Yadda za a sa likitoci su karɓi kwamfuta a madadin folda a asibitin gwamnati

Duk wanda ya taɓa aiki a asibitin gwamnati ya san yadda safiya take, layi har waje, folda jibge a kan tebur, wata ta ɓace an tura yaro ɗakin kati ya nemo, mara lafiya na rantsuwa cewa an yi masa gwajin nan wancan watan amma takardar ko sama ko ƙasa. Shi yasa in aka ce za a koma rubuta bayanan marasa lafiya a kwamfuta, abin da ake kira EHR ko EMR, kowa madalla yake cewa. Sai bayan wata uku ka leƙa ka tarar likitoci sun koma biro da takarda, kwamfutar na can gefe ta yi ƙura, shugabanni kuma na cewa ai likitoci ne da taurin kai. Gaskiya ni ban yarda da wannan ba sam. Mutumin da yake duba adadin magani a wayarsa kullum ba tsoron na'ura yake ba, lokacinsa yake jin za a cinye masa. Ka lissafa da kanka, a ce manhajar ta ƙara masa minti 2 kacal a kan kowane mara lafiya, kuma yana ganin mutum 60 a rana, awa 2 kenan ta tafi, kuma layin nan ba raguwa zai yi ba.

Wannan ba hasashe bane. A Amurka an yi dokar HITECH a 2009, gwamnati ta zuba biliyoyin daloli don asibitoci su koma kwamfuta, kuma sun koma ɗin. Amma binciken da Christine Sinsky da abokan aikinta suka fitar a 2016 ya nuna duk awa ɗaya da likita ya yi ido da ido da mara lafiya, yana ƙara kusan awa biyu a kan kwamfuta da aikin tebur, sannan wasu su je gida su ƙara awa ɗaya zuwa biyu da dare. Kaga kenan ana iya tilasta wa likita ya yi amfani da abu, gamsuwa kuwa sai an nema. To ga yadda nake ganin ake nemanta.

Kafin a sayi komai, ko kebur ɗaya, a samu wani ya ɗauki littafi ya bi mara lafiya tun daga ɗakin kati, wajen awon jini da nauyi, ɗakin likita, lab, wajen hoto, famasi, har ya fita ƙofa, yana rubuta wa ya rubuta me, a wace takarda, wa ya karanta ta. A yi haka da rana a yi da dare, don asibitin dare daban yake. Sannan kwamitin da zai zaɓi manhajar kada ya zama manya zalla. Ƙananan likitoci su ne ke yin yawancin rubutun, su ne ke kol, wato aikin kwana a asibiti, don haka su shiga, nas su shiga, masu famasi da lab da masu kati su shiga, kuma don Allah a saka likitan nan da ya fi kowa ƙorafi, shi zai gano matsalar tun tana kan takarda. Ingila ta gwada yin abin daga sama, shirin NPfIT da aka fara a 2002 don haɗa asibitocin NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnatinsu, a kan kwamfuta, aka rushe shi a 2011, kuɗin da aka ƙiyasta ya ci gaba ɗaya ya doshi fam biliyan 10, kuma cikin manyan dalilan da aka bayar har da rashin tafiya da ma'aikatan da za su yi aikin da shi. Ita kuwa manhajar VistA ta asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, wacce likitoci da masu rubuta manhaja suka gina tare a cikin asibiti, duk da tsufan fuskarta ta sha zuwa sahun gaba idan aka tambayi likitoci wacce suka fi jin daɗin aiki da ita.

Sai maganar wuta da netwok, wannan ba sai na ja ta ba. In wuta na ɗaukewa babu batir da inbata, ko manhajar bata buɗuwa sai da intanet mai ƙarfi, to a dakata tukunna. A ajiye saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe komai, a cikin asibitin yadda aiki zai ci gaba ko intanet ya yanke. Kowane ɗakin ganin likita da kwamfutarsa, wod kuma, wato ɗakin kwantar da marasa lafiya, a samu wacce za a iya turawa ko riƙewa a hannu lokacin rawun, wato zagayen duba su, in ba haka ba likita zai rubuta a ƴar takarda ya ce zai shigar anjima, anjiman nan kuma bata zuwa.

Inda abin yake mutuwa ko ya rayu shi ne fuskar da likita ke gani in ya buɗe, nan ya kamata a ɓata lokaci sosai. A zaunar da likita da agogo, a bashi mara lafiya na gwaji mai hawan jini da ya dawo karɓar magani, a ƙirga sau nawa ya danna kafin ya gama, a kwatanta da lokacin da yake ɗauka a takarda. In ya fi, a koma a rage. Yawanci abin da ke kumbura aikin shi ne guraben dole, wato wuraren da sai an cike su a shafin, kowane ofis yana so a saka masa nasa, masu lissafin kuɗi na so, masu ƙididdiga na so, masu bada tallafi na so, sai a tara duka a kan likita, ba zai iya rufe shafi ba sai ya cike sana'ar mara lafiya da unguwarsu. Wannan aikin ɗakin kati ne, a mayar musu. Ga duk gurbin da aka ce dole ne a tambaya, wa zai karanta shi, kuma me zai canja a maganin mutumin nan? In ba amsa a cire. An taɓa kwatanta rubutun likitocin Amurka da na wasu ƙasashe masu amfani da manhaja iri ɗaya, Epic, aka ga na Amurka ya ninka tsawo kusan sau huɗu, kuma babban dalilin shi ne buƙatun biyan kuɗi da ka'idoji, ba wai marasa lafiyarsu sun fi ciwo ba.

Tsarin rubutun kuma a bar shi yadda likita ya saba tun makaranta, abin da mara lafiya ya faɗa, abin da aka gani a jikinsa, abin da ake zato, abin da za a yi, tsarin da wani likitan Amurka, Lawrence Weed, ya yaɗa tun shekarun 1960. A bar masa fili ya rubuta da kalmominsa, don ba kowane ciwo ke shiga akwati ba. Lambobin cuta na ICD kuma, wato lambar da aka ba kowane ciwo a tsarin duniya, kada a ce sai ya haddace, ya rubuta sunan ciwon yadda ake faɗa manhajar ta nemo lambar da kanta. Sai gargaɗin nan da ke faɗowa kan sikirin. Yana da amfani ƙwarai in ya ce wannan mutumin jikinsa baya karɓar penisilin, ko wannan adadin ya yi wa yaro yawa. Amma in yana faɗowa a kan kowane magani, hannu sai ya saba rufewa ba tare da ido ya karanta ba, wani nazari na 2006 da ya tattara bincike da dama ya samu ana tsallake tsakanin kashi 49 zuwa 96 cikin 100 na irin wannan gargaɗin. Ranar da na gaske ya zo shi ma haka za a rufe shi, abin tsoron kenan. Gara kaɗan masu nauyi, likitoci da masu famasi su zauna su zaɓa.

Wajen farawa, a fara da abin da zai ba likita wani abu tun ranar farko. Ni a ganina sakamakon lab ne da famasi. Likita ya buɗe ya ga gwajin jiya ba tare da ya aiki kowa ba, ya ga ko maganin da zai rubuta akwai shi a famasi, wallahi shi da kansa zai fara neman kwamfutar. Kuma kada a daɗe ana haɗa biyu, a rubuta a folda a sake rubutawa a kwamfuta, babu abin da ke kashe gwiwa kamar wannan, a sa rana a yanke. Tsofaffin folda ba sai an kwafe su duka ba, duk wanda ya dawo a shigar da taƙaitaccen tarihinsa, cututtukansa, magungunansa, tiyatar da aka taɓa masa. A kula da lambar kati sosai, mutum ɗaya lamba ɗaya, don sunaye na kama da juna kuma haɗe tarihin mutum biyu na iya kisa.

Horo na kwana ɗaya a babban ɗaki da majigi baya zama a kai. A koyar a ƙananan rukuni, kowa da kibod a gabansa, kwanaki kaɗan kafin a fara, wanda hannunsa bai saba da buga rubutu ba a bashi lokaci a keɓe ba tare da an kunyata shi ba, musamman manya da bazasu so su tambaya gaban ɗalibansu ba. Kowane sashe a samu mutum ɗaya ko biyu cikinsu da suka ƙware, waɗanda za a kira su zo cikin minti biyar. A fara da sashe guda, ba a ranar da aka fi cunkoso ba, a ƙara hannu a makonnin farko tunda dole aiki zai yi nauyi kafin ya yi sauƙi, kuma a faɗa wa mutane hakan tun farko. Asibitin Cedars-Sinai a Los Anjelas a 2003 sai da ya janye tsarin rubuta umarnin likita a kwamfuta bayan ƴan watanni saboda likitoci sun ƙi, suna cewa yana cin lokaci.

Ranar da abin zai tsaya tana nan zuwa, a shirya mata. A watan Mayu 2017 harin wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ya kulle kwamfutoci a asibitocin NHS da yawa, aka ƙiyasta an soke ganin likita da tiyata kusan 19,000. A ajiye fom na takarda a kowane sashe, kowa ya san inda suke da wanda zai shigar da su in an dawo, a riƙa kwafe bayanai kullum a wani wuri daban, kuma a gwada dawo da su lokaci-lokaci don a tabbatar kwafin na aiki. Kowa da fasawod ɗinsa, amma shiga ta zama da sauri, in tana ɗaukar minti guda to mutum ɗaya zai buɗe da safe kowa ya yi aiki da sunansa, ranar da aka yi kuskure a rasa wa ya yi. Yarjejeniya da kamfanin manhajar kuma a rubuta ƙarara cewa bayanan na asibiti ne kuma za a iya fitar da su a tsarin da wata manhajar zata karanta, irin FHIR. Ko ta kyauta aka ɗauka kamar OpenMRS, wacce aka fara a 2004 kuma ake amfani da ita a ƙasashe da dama, sai an ɗauki ma'aikatan da za su riƙe ta dare da rana an sa albashinsu a kasafi.

Gamsuwa kuma ba a gane ta da yawan waɗanda suka shiga manhajar, tunda an hana su takarda dole su shiga. Tun 1989 wani mai bincike, Fred Davis, ya nuna abu biyu ne ke sa mutum ya karɓi fasaha, yana ganin tana masa amfani, kuma tana da sauƙin sarrafawa. A tambayi likitoci waɗannan biyun bayan wata ɗaya, bayan wata uku, bayan shida, ba tare da sun sa suna ba, a ƙara da tambayar ko suna tsayawa bayan tashi don ƙarasa rubutu, da wane shafi ne ya fi basu haushi. Kada shugabanni su mayar da manhajar sandar duka, suna fito da wa ya ga mutum nawa suna karantawa a taro, daga ranar rubutun zai koma na kare kai. Ƙorafin da aka tara a manna shi a ɗakin hutun likitoci, kowanne da sunan wanda zai gyara da ranar da aka sa, wanda aka gyara a ja masa layi kowa ya gani, wanda bazai gyaru ba a rubuta dalili a gefensa.