Yadda za ka hana saƙon imel ɗinka faɗawa spam

In kana tura wa kwastomomi saƙo da adireshin kamfaninka ta Google Workspace amma suna ta cewa ba su gani ba, to yawanci SPF da DKIM, wato saitunan da ke tabbatar da cewa saƙon daga domen ɗinka ya fito da gaske, su ne ba ka saita ba, tun Fabrairun 2024 Gmail ya tsananta a kan wannan.

Da farko shiga wajen da ka sayi domen ɗinka, Namecheap ne ko GoDaddy, ka buɗe sashen DNS, inda ake ajiye bayanan domen. Ƙara rikodin TXT, a gurbin suna sa @, sannan ka liƙa:
v=spf1 include:_spf.google.com ~all
SPF guda ɗaya tak ake so fa, in ka tarar da tsoho haɗe su za ka yi a layi ɗaya, in suka zama biyu duka sun lalace.

Sai DKIM, shi ne kamar hatimi a kan wasiƙa. Je admin.google.com, ɓangaren Gmail, ka danna Authenticate email, ka ƙirƙiri makulli mai 2048, zai ba ka wani dogon rubutu, kwafe shi gaba ɗaya kar harafi ko ɗaya ya zube, ka sa a sabon TXT mai suna google._domainkey. In ya kama ka dawo ka danna Start authentication, nan ne mutane ke mantawa wallahi.

DMARC kuma, shi ke faɗa wa masu karɓa abin da za su yi da saƙon da ya kasa tsallake SPF da DKIM, TXT ne mai suna _dmarc:
v=DMARC1; p=none
Bar shi a none tukuna har komai ya daidaita.

Saitin yakan ɗauki awa 48 kafin ya kama wani lokacin. Daga nan tura wa wani Gmail ɗinka saƙo, buɗe Show original, ka duba ko ukun sun nuna PASS.