Kurakuran da aka fi yi wajen fahimtar Taransendentalizim na su Emerson

Yawancin ɗaliban da suka ci karo da Taransendentalizim, wato tafiyar tunani da adabi ta su Emerson a ƙarni na 19, a darasin adabin Amurka suna ɗauka wasu marubuta ne masu son daji suka ƙaurace wa mutane. Nan ne babban kuskuren yake, kuma daga gare shi sauran ke tsirowa.

Asalin abin saɓanin addini ne a cikin coci. Ralph Waldo Emerson limamin Yunitariya ne, wata ɗarikar Kirista, a Boston, ya ajiye aikin a 1832 domin zuciyarsa ba ta natsu da jagorantar ibadar Jibin Ubangiji ba. Malaman ɗarikar sun rungumi ra'ayin John Locke, masanin falsafa na Ingila, cewa ta hanyar gani da ji ilimi ke shiga mutum, saboda haka mu'ujizojin da ke rubuce a littafi su ne hujjar addini. Emerson da abokansa suka ce akwai sanin da ke faɗo wa ruhi kai tsaye, ba sai da mai shiga tsakani ba. Littafinsa Nature ya fito a 1836, shekarar da suka fara taruwa a Boston. Da ya faɗi haka a gaban ɗaliban tauhidi na Harvard a 1838, sai da aka yi kusan shekara 30 ba a sake gayyatarsa ba. Don haka idan za ka yi bayani, fara daga cocin. Bishiya da kogi a wurinsu alamu ne da ke nuna Mahalicci.

Wasu kuma suna cewa tunanin haifaffen Amurka ne zalla. Sunan daga falsafar Immanuel Kant na Jamus ya samo tushe, kuma akasari ta hannun marubuta Coleridge da Carlyle na Birtaniya ra'ayoyin suka isa Massachusetts, jihar da Boston take.

Henry David Thoreau, ɗaya daga cikinsu, shi aka fi zalunta. Ana siffanta shi kamar wanda ya shige ƙurmi ya rufe ƙofa. Gaskiya ya zauna a wata bukka a bakin tafkin Walden daga Yulin 1845 zuwa Satumbar 1847, amma filin na Emerson ne, garin Concord kuwa tafiyar ƙafa ce, yana zuwa yana dawowa, baƙi suna ziyartarsa. A cikin wannan zaman ne ma, a 1846, ya kwana ɗaya a kurkuku saboda ƙin biyan haraji ga gwamnatin da ta yarda da bautar da mutane. Margaret Fuller, editar farko ta mujallarsu The Dial, ta fitar da littafi kan 'yancin mata a 1845. Raina yana ɓaci idan aka share wannan gwagwarmayar aka bar hoton bukka kawai.

Akwai kuskuren da ya fi kusa da mu: cewa ai Sufanci ne. Dalilin ruɗin a fili yake, Emerson ya karanta mawaƙan Farisa Hafiz da Sa'adi ta fassarar Jamusanci, har ya rubuta waƙa da sunan Sa'adi. Amma su ba su da shehi, ba silsila, ba wuridi, ba Shari'ar da ke yi wa ɗanɗanon ruhi iyaka. Muridi miƙa wuya yake yi ga shehinsa, shi kuwa Emerson dogaro da kai yake koyarwa. Ka ce sun sha daga waƙoƙin Farisa da littafin Bagabad Gita na Indiya, ka tsaya nan.

Kada kuma ka haɗa su da tsarin zuzzurfan tunanin da ake kira Transcendental Meditation, wanda Maharishi Mahesh Yogi ya yaɗa daga Indiya a shekarun 1950. Suna ne kawai ya yi kama, tsakaninsu akwai fiye da shekara 100.